Tukunya a Fagen Fama: Tarihin Girkin Soja Daga Kirimiya Zuwa Bama

1.0 GABATARWA

Galibin waɗanda suka rubuta tarihin yaƙe-yaƙe sun fi mayar da hankali ga sarakunan yaƙi da makamai da ranakun da aka gwabza. Ba safai akan ji sun tsaya sun tambayi abin da mayaƙi ya sa wa cikinsa kafin ya fita fagen fama ba, balle a kai ga tambayar wanda ya dafa masa. Alhali kuwa Bahaushe ya yanke hukunci tun tuni, da ya ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta bi diddigin girkin soja na tsawon shekara 90, watau daga Yaƙin Kirimiya (1853–1856) zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945. Na fi jingina ga rundunar Ingila, domin a ƙarƙashinta ne kakanninmu suka yi aikin soja a Gabashin Afirka da ƙasar Bama. Abin da nake son nunawa shi ne, tara abinci a sito rabin aiki ne kawai. Runduna takan lalace da yunwa ga buhuna jibge, muddin ba a tanadi mai dafawa da makamashi da tukunya ba. Kuma duk sa'ad da hukumar soja ta gane haka, sai a tarar ta koma ga girki iri ɗaya: nama da saiwoyi da ganye a tukunya guda, a bar su su nuna a hankali cikin romonsu.

Wannan girki ba shi ne jar miyar tumatir da ake zuba wa shinkafa ba. Ya fi farfesu kauri, kuma abin da ya fi kusa da shi a madafinmu shi ne faten dankali mai yawan nama. Saboda haka a nan zan riƙa kiransa faten soja, kuma a ƙarshe zan kawo yadda ake yinsa a gida.

2.0 KIRIMIYA: ABINCI A SITO, YUNWA A SANSANI

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi don su taimaki Daular Turkawa a kan Rasha, suka sauke mayaƙa a yankin Kirimiya da ke gaɓar Baƙin Teku, suka yi wa birnin Sabastafol ƙawanya. A wancan zamani babu wanda aikinsa shi ne kuku a cikin rundunar Ingila. Kowane soja akan miƙa masa rabonsa ɗanye, ya san yadda zai yi da shi. Rabon kuwa shi ne laba ɗaya ta naman da aka jiƙa da gishiri, da laba ɗaya ta busasshen biskit mai taurin tsiya, da ɗan sukari, da 'ya'yan gahawa ɗanyu, ba a soya ba, ba a niƙa ba.

A takarda wannan rabo ya isa ya riƙe mutum. Amma mu dubi halin wanda aka ba shi. Ya kwana a ramin yaƙi cikin ƙanƙara, ya dawo tanti a gajiye, sa'an nan a ce ya nemi itace a filin da aka riga aka share duk wani tsiro, har ta kai ga tonon saiwar ƙirare. Da yawa sun yar da manyan tukwanensu tun a hanya saboda nauyi, sai ɗan kwanon cin abinci ya rage musu. Naman gishiri yana bukatar a jiƙa shi dare guda kafin ya ciwu, gahawa tana bukatar suya da daka. Wanda ya rasa wuta sai ya ci naman ɗanye, ko ya watsar da shi ya tauna biskit.

Ranar 14 ga Nuwamba 1854 guguwa ta farfasa jiragen ruwa masu ɗauke da kayan sanyi da guzuri a tashar Balakalaba. Hanyar da ta haɗa tashar da sansani, mai tsawon mil shida zuwa bakwai, ta zama taɓo, dabbobin dako suka mutu. Ciwon nan na rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace, wanda ke kumbura dasashi har haƙora su yi girgiɗi, ya bazu cikin runduna, tare da atini da kwalara. Abin takaici, ruwan lemon tsami da ke maganin ciwon dasashin ya iso tasha tun watan Disamba, amma ba a raba shi ba sai Fabrairun 1855, domin ba a sami ma'aikacin da ya ɗauka aikinsa ne ya raba ba. Daga cikin sojan Ingila kimanin 21,000 da suka rasu a wannan yaƙi, fiye da 16,000 cuta ce ta kashe su.

Faransawa da ke maƙwabtaka da su sun fi su jin dama a wannan hunturu na farko. Al'adarsu ita ce ƙaramin rukuni ya haɗa rabonsa wuri guda, mutum ɗaya ya tsaya ya dafa romo, sauran su tafi aiki. Wuta ɗaya ta isar wa mutane da yawa, kuma wanda ya dawo daga rami yakan tarar da abu mai zafi.

3.0 MURHUN SOYER

Mutumin da ya koya wa rundunar Ingila wannan darasi shi ma Bafaranshe ne, ana ce da shi Alexis Soyer. An haife shi a 1810, ya yi suna a matsayin babban kuku na wani kulob ɗin manya a Landan daga 1837 zuwa 1850. A 1847, lokacin yunwar ƙasar Ailan, ya buɗe madafin ciyar da talakawa a birnin Dabilin, inda ya ciyar da dubban mutane. Da labarin Kirimiya ya fito a jaridu, sai ya nemi izini ya tafi da kuɗin aljihunsa a 1855.

Ya fara sauka a asibitin soja na Sukutari, daura da Istambul, inda Florence Nightingale take jinya. Abin da ya tarar ya ishi mai hankali wa'azi. Akan ɗaure nama tamau a jefa cikin manyan tukwane, kowane ɗakin majinyata ya yi wa nasa alama da tsumma ko ƙusa ko maɓalli, bayan naman ya yi laushi cikinsa kuwa ɗanye. In an tsame, sai a zubar da ruwan. Soyer ya hana zubar da shi, ya nuna musu cewa amfanin naman da yawa yana cikin wannan ruwa, ya sa aka riƙa yin romo da shi ga marasa lafiya. Ya kuma nemi a tsayar da mutane na dindindin a madafi, a bar sauya su kullum.

Daga nan ya ƙetara Kirimiya, inda a watan Agustan 1855 ya gwada wa hafsoshi murhun da ya ƙera. Murhun kamar ganga yake, na ƙarfe, wuta a rufe a ƙasa, tukunya mai cin galan 12 a zaune a cikinsa, ga bututun hayaƙi. Guda ɗaya yana dafa wa mutum 50. Ruwan sama ba ya kashe wutarsa, iska ba ta kwashe zafinta, abokan gaba ba sa hango haskenta da dare, kuma itacen da yake ci kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na wutar fili. Ya koya wa zaɓaɓɓun sojoji daga kowace bataliya yadda ake jiƙa naman gishiri, da auna ruwa, da rage wuta bayan tafasa.

Tilas ne a yi adalci a nan. Lafiyar da sojan Ingila suka samu a hunturu na biyu ba aikin Soyer kaɗai ba ne. An shimfiɗa ɗan layin dogo daga Balakalaba, an kawo bukkokin katako da tufafin sanyi, an gyara magudanan asibiti. A wannan hunturu ma Faransawa ne cuta ta fi yi wa ɓarna. Duk da haka, abin da Soyer ya kafa ya zauna: girki ya zama aikin wanda aka horar, a tukunyar jama'a. Ya rasu a 1858, amma rundunar Ingila ba ta rabu da irin murhunsa ba har cikin shekarun 1980.

4.0 YAƘIN DUNIYA NA ƊAYA: KEKEN GIRKI DA GWANGWANI

Kafin 1914 abubuwa biyu sun sauya girkin soja. Na farko shi ne gwangwani. Tun a 1810 gwamnatin Faransa ta ba Nicolas Appert kyautar faran 12,000 saboda dabararsa ta adana abinci a kwalba ta hanyar toshewa da tafasawa. A 1813 aka buɗe masana'antar abincin gwangwani a Landan. Na biyu shi ne madafi mai ƙafa, watau keken girki da dawaki ke ja. Na Jamusawa, wanda rundunarsu ta karɓa a 1908, babbarsa tana da tukunya mai cin lita 200, mai bango biyu da wani ruwa mai maiƙo a tsakani don kada abinci ya kama. Ana tafiya fate yana nuna, ana yada zango a raba. Sojoji suka laƙaba masa suna igwar miya, saboda bututun hayaƙinsa in an kwantar da shi ya yi kama da bakin igwa.

Rabon sojan Ingila a 1914 ya ƙunshi laba ɗaya da kwata ta ɗanyen nama ko laba ɗaya ta na gwangwani, da laba ɗaya da kwata ta burodi, da cuku da shayi da sukari da oza 8 ta kayan lambu. Ƙarfinsa ya kai kalori 4,000, abin da talakawa da yawa ba su taɓa samu a gida ba. Amma matsalar Kirimiya ta sake dawowa da sabuwar kama. Keken girki ba ya iya kusantar ramukan gaba saboda igwa, don haka sai da dare ake ɗaukar abinci a manyan langogi da garewanin fetur, a bi ramuka masu taɓo da shi. Sau da yawa yakan iso da sanyi. Dabarar da aka yi ita ce a sa langa cikin akwatin da aka cusa wa busasshiyar ciyawa, don zafin ya daɗe.

A nan ne faten gwangwani na kamfanin Maconochie ya yi suna, wanda aka riga aka san shi tun Yaƙin Bowa (1899–1902). A cikinsa akwai nama da karas da dankalin Turawa da waɗansu saiwoyi cikin romo tsararo. Shaidar sojoji a kansa ta zo ɗaya: in an ɗumama shi yana ciwuwa, in da sanyi ne kitse ya daskare a kai, sai wanda yunwa ta ci ƙarfinsa. Ashe gwangwani ya warware matsalar ruɓewar abinci, ya bar ta wuta yadda take. Shi ya sa sojoji suka riƙa farfasa biskit, su haɗa da naman gwangwani da albasa, su dafa nasu faten a kan ɗan murhun da suka ƙera da gwangwanin da aka yar.

5.0 SOJAN NIJERIYA YA RABU DA TUKUNYAR BARIKI

Rundunar Afirka ta Yamma da aka ɗora wa Lugga kafawa a 1897 tana da nata tsarin. A zaman lafiya soja yana zaune da iyalinsa a bariki, ana ba shi kuɗin abinci, matarsa ta yi cefane ta tuƙa tuwo, ga magajiya mai kula da sha'anin matan bariki. In tafiya ta kusa ce, akwai guzurin da ƙasar Hausa ta sani tun kafin zuwan Turawa: gumba da dakuwa da ƙuli-ƙuli da kilishi. Watau hukuma ba ta da madafi, mata ne madafinta. Ranar da aka sa soja a jirgin ruwa, aka bar matan a baya, sai wannan ginshiƙi ya zame.

A watan Disamba 1916 birged ɗin Nijeriya mai bataliya huɗu ya sauka Darussalam don yaƙi da Jamusawa a ƙasar da take Tanzaniya a yau. Farkon 1917 ya same su a bakin kogin Rufiji, damina mai tsanani ta yanke hanyoyi. Aka rage rabon abinci zuwa rabi, daga baya ya gaza haka. Kyaftin Downes, wanda yake cikinsu kuma ya wallafa labarin a 1919, ya bayyana yadda sojoji suka koma harbin dorina da birai, da tonon saiwoyin dajin da ba su sani ba, har waɗansu suka ci masu dafi. Wannan yunwa ce ta rashin abinci tsantsa.

Amma akwai wata musiba da ta fi dacewa da batunmu, ita ce ta 'yan alaro. Yaƙin Gabashin Afirka a kan mutane aka yi dakonsa, domin ƙudan tsando ya kashe dabbobi. 'Yan alaro kimanin 95,000 suka mutu a ɓangaren Ingila kaɗai. Abincin da aka fi ba su shi ne tsakin masara. Da yawansu daga ƙasashen ayaba ko gero suka fito, cikinsu bai saba da shi ba. Tsakin masara kuwa yana son doguwar dahuwa. Mutumin da ya yini da kaya a ka, ya sauka da almuru, ga jiƙaƙƙen itace, ba zai jira ba, sai ya ci shi tsaka-tsaki. Likitocin rundunar sun lasafta wannan cikin manyan dalilan gudawa da atinin da suka yi ta ɗibar mutane. Gyaran da aka kawo a makare ya haɗa da ware masu dafa wa kowane rukuni. Darasin Soyer ke nan, bayan shekara 60, aka sake sayensa da rayukan 'yan Afirka.

6.0 BAMA

Gab da Yaƙin Duniya na Biyu, a 1938, gwamnatin Ingila ta ɗauki Isidore Salmon, shugaban wani babban kamfanin gidajen abinci, ya ba ta shawara kan ciyar da soja. A watan Maris 1941 aka kafa rundunar kukaye, wadda ta ɗore har 1993. Shekara 86 ke nan tsakanin zuwan Soyer Kirimiya da ranar da aka yarda girki sana'a ce a cikin soja.

A 1943 aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, aka tura su yaƙi da Jafanawa a Bama, ƙasar da ake kira Miyanma tun 1989. Hausa ce harshen da ya haɗa yawancin sojan Nijeriya da ke cikinsu. Suna ƙarƙashin babbar runduna ta 14 ta Janar Slim, wadda ta tara Turawa da Indiyawa da Gurka da 'yan Afirka, har ta kai ana tafiyar da tsarin rabon abinci kusan iri 30 saboda bambancin addini da al'ada. A 1943, in an kwashe mutum ɗaya daga fage saboda rauni, an kwashe 120 saboda ciwo, akasari zazzaɓin cizon sauro da atini. Ban da tilasta shan maganin zazzaɓi, hafsan da ke kula da guzuri, Manjo Janar Snelling, ya sa aka buɗe manyan gonakin kayan lambu, aka yi kiwon awaki da tumaki da agwagi, don soja ya sami ɗanyen abin sawa a tukunya.

Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a farkon 1944, kuma ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar da ita ɗungum daga sama. Jirage ke jefo shinkafa da naman gwangwani da biskit, 'yan alaron rundunar su kwashe a ka. Girki a wannan daji yana da haɗari, domin hayaƙi yana tona asirin sansani, saboda haka ba kowane lokaci ake yarda a hura wuta ba.

Birged na 3, mai bataliyoyin Nijeriya ta 6 da ta 7 da ta 12, an haɗa shi da mayaƙan Cindit, waɗanda aka kai bayan layin Jafanawa a 1944. Abincin Cindit shi ne ƙunshin Amurka mai lamba K, kwali uku a yini, mai ƙarfin kalori kimanin 2,800. An tsara shi don kwanaki kaɗan, kuma don a ci ba tare da girki ba, sai ga shi an rayu a kansa wata da watanni, mutane suna hawan duwatsu da kaya masu nauyi. Daɗin daɗawa, waɗansu gwangwanayensa naman alade ne, wanda Musulmi ba zai ci ba. Mutane suka rame ƙwarai, cuta ta sami wurin shiga. A wani birged na Cindit da likitoci suka duba a watan Yulin 1944, cikin mutum 2,200 waɗanda aka samu da sauran ƙarfin yaƙi ba su kai 120 ba.

Jafanawa kuwa sun tsaya kan tsarin da Ingila ta bari tun Kirimiya, watau kowane soja ya dafa shinkafarsa a kwanonsa. Da Janar Mutaguci ya kai hari Imfal da Kohima a watan Maris 1944, guzurin mako uku mutanensa suka ɗauka, tare da garken shanu da yawancinsu suka mutu a hanya, bisa zaton za su ci daga siton abokan gaba. Siton bai faɗa hannunsu ba. Janar Sato ya janye rundunarsa daga Kohima ba da izini ba, ya ce ba a aiko masa da abinci ba. Cikin mutum kimanin 85,000, an yi asarar fiye da 50,000 tsakanin matattu da raunana da marasa lafiya, kuma yunwa da cuta suna da babban kaso a ciki. Mai wucewa ta barikin Dalet a Kaduna ko na Cindit a Zariya, sunayen wannan yaƙi yake karantawa.

7.0 YADDA AKE FATEN SOJA A GIDA

Dalilan da suka sa runduna bayan runduna ta koma ga wannan girki guda huɗu ne. Yana karɓar nama mai tauri da araha. Wuta ɗaya da tukunya ɗaya sun ishe shi. Ba a zubar da ruwansa, don haka abin da ya fita daga nama da ganye yana komawa cikin mai ci. Sa'an nan yana rabuwa daidai da ludayi, ba a cuci kowa ba. Duk waɗannan dalilai suna aiki a gidan mai iyali.

Don mutum shida a tanadi naman sa kilo 1, na wuya ko ƙirji ko ƙauri, watau mai jijiya, da ɗan ƙashi. A nemi albasa 3, da dankalin Turawa kilo 1, da karas 4, da tumatir 3, da attaruhu 2, da tafarnuwa da citta da masoro da daddawa da gishiri, da man gyaɗa cokali 3, da fulawa cokali 2, da ruwa lita ɗaya da rabi, da rabin kabeji ko damin alayyafo, da lemon tsami 1.

A yanka naman manya-manya, a barbaɗa masa gishiri da fulawa. A zafafa mai a tukunya mai kauri, a soya naman kashi-kashi har ya yi ja, kada a cika tukunyar, domin in an cika ruwa zai fitar maimakon ya soyu. A kwashe, a soya albasa a cikin wannan mai har ta yi laushi, a zuba jajjagen tumatir da attaruhu da kayan yaji. A mayar da naman da ƙashi, a zuba ruwa, a kankare abin da ya kama a gindin tukunya, domin a nan ɗanɗanon yake.

Da ya tafasa sai a janye itace, a rufe, a bar shi yana ɓararraka a hankali awa ɗaya da rabi. Wannan ne wurin da masu gaggawa ke ɓata girki. Tafasa mai ƙarfi tana ƙanƙance tsoka ta bushe, amma zafi mai sauƙi na tsawon lokaci yana narkar da jijiya ta zama danƙon da ke ba romo kauri. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Bayan haka a zuba dankali da karas su yi minti 30, a murƙushe 'yan ƙwayoyin dankali a jikin tukunya don ƙarin kauri. Ganye shi ne na ƙarshe, minti 5 kawai, a sauke, a matsa lemon tsami. Dalili shi ne zafi yana lalata bitamin C, wanda rashinsa ne ya zubar da haƙoran sojan Kirimiya.

Wanda itace ko gas ya yi wa tsada, ya ari dabarar akwatin ciyawa. Bayan an haɗa nama da dankali da karas sun tafasa sosai na minti 20, a sauke tukunyar a rufe, a sa ta cikin kwando ko kwali da aka cusa wa ƙaiƙayi ko buntun shinkafa ko tsofaffin barguna ta kowane gefe. Cikin awa uku zuwa huɗu zai nuna da zafin kansa. Sai dai lalle a sake tafasa shi kafin a ci, a lokacin ne za a sa ganye, kuma kada a bar shi ya kwana a ciki, domin ɗumi-ɗumi shi ne gidan ƙwayoyin cuta.

8.0 KAMMALAWA

Mun ga yadda sojan Kirimiya ya rasa wutar dafa rabonsa, da yadda ɗan alaron Gabashin Afirka ya ci tsakin da bai nuna ba, da yadda mayaƙin Cindit ya rame a kan abincin da aka ce ba ya bukatar tukunya. A kowane karo akwai ma'aikacin da littafinsa ya nuna an fitar da rabo cikakke, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da littafin bai nuna ba shi ne halin da abincin ya isa bakin mai ci.

Wannan batu ya shafe mu da muke horar da malaman da za su riƙe makarantun kwana, ya kuma shafi masu kula da asibitoci da gidajen yari da sansanonin 'yan gudun hijira. Mai binciken irin waɗannan wurare kada ya tsaya ga ƙirga buhuna a sito. Ya shiga madafi ya ga murhu, ya tambayi yawan itacen da ake ci, da horon da aka yi wa kuku, da lokacin da ake sa ganye, da zafin abincin sa'ad da ya isa hannun na ƙarshe a layi.

Ina kuma kira ga 'yan'uwa masu nazarin tarihi da su juya ga matan bariki. Su ne suka ciyar da rundunar Afirka ta Yamma shekaru da dama ba tare da sunansu ya shiga takardar albashi ba. 'Ya'yansu da jikokinsu suna nan a garuruwanmu, ya kamata a je a ji ta bakinsu tun da sauran lokaci. Allah ya sa mu dace.